Ranar da Maigadi Ya Kayar da Ni Sau Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a makarantar da nake koyarwa a Wurno. Ko na so in manta, mutanen gari ba za su bari ba.

Lokacin na dage sai an buɗe wa ɗalibai ƙungiyar kokawa da motsa jiki. Yaranmu da an tashi sai su bazama tasha da majalisun banza, faɗa kuwa kullum sai an raba. Ni kuma na karanta 'yan littattafai, na kalli bidiyon 'yan kareti a waya har idona ya yi ja, na gamsu cewa yaron da ya koyi faɗa da ƙa'ida ba shi ke faɗa a titi ba. (Maganar gaskiya ce har gobe. Matsalar dai bakin da ta fito.) Shugaban makaranta ya ce in iyaye sun yarda a taronsu shi ke nan, in sun ƙi, kada ya sake jin zancen.

Ranar taron aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar dogon yaro. Na fito cikin sabuwar rigar wasanni, tumbina na gaba ina biye. Na fi rabin awa ina zuba: jiki da hankali da hali duwatsun murhu ne, in babu ɗaya tukunya ta kife, jarumi ba mai kayarwa ba ne, mai danne zuciyarsa ne. Dattawa suna gyaɗa kai, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

Sai Alhaji Bube, shugaban iyaye, wani manomin albasa daga Kwargaba, ya gyara zama. "Malam, karatu dai mun ji. To a gwada muna mu gani."

Na waiga neman wanda ba zai ba ni wahala ba. Idona ya faɗa kan Baba Ummaru maigadi, tsoho siriri kamar sillen kara, wanda kullum nake tarar da shi yana gyangyaɗi a bakin ƙofa. Ashe shekara da shekaru ya yi yana jan tarun kamun kifi a ruwan Goronyo, kuma a ƙuruciyarsa in an yi kaka babu dandalin da bai kayar da ƙato ba. Kowa a wurin ya sani, ban da ni. Na ga dattawa suna murmushi, na ɗauka jawabina ne ya yi musu daɗi.

"Malam, ka yi mani rai, ni tsoho na," in ji Baba Ummaru da na yafito shi.

"Kada ka ji tsoro, Baba, a hankali zan bi da kai."

Har yau ban san yadda aka yi ba. Na dai kama kafaɗarsa, sai na ga sama ta tsakanin ganyaye. Aka kwashe da dariya. Baba ya miƙo mini hannu zai tashe ni, kamar yadda 'yan kokawa ke yi wa juna. Na doke hannun.

"Ban shirya ba! A sake!"

Aka sake. Na kawo wani salon ƙafa da na gani a waya, na ƙare a cikin taɓon da ke gindin randar ruwan sha. Ɗalibaina sun cika tagogi suna leƙe.

Faɗuwa ba komai ba ce, kowa yana faɗuwa. Abin da ya biyo baya shi ne nake rufe fuska in na tuna. Zuciya ta ɗebe ni, na caƙumi wuyan rigar tsohon nan har ta yage, na daka masa tsawa, "Kai ɗin wa? Maigadi kawai!" Sa'an ubana, a gaban iyaye, minti goma bayan wa'azina.

Baba ya sunkuya ya ɗauke ni cak, ya ajiye ni a ƙasa a hankali kamar tulu cike da ruwa, har da tallafe mini ƙeya don kada ta bugi saiwa.

"Sannu, ɗana," ya ce. "Wanga karo ba ni na kada kai ba, zucciyakka ta."

Na kwanta ina fatan ƙasa ta tsage. Ba ciwon baya ya hana ni tashi ba. Na san na zubar da ƙungiyar yara da hannuna.

Alhaji Bube ya yi gyaran murya. "Jama'a, mi kunka gani? Ni dai na ga abin da malam yac ce gaskiya na. Wanda ya koyi abun ga shi tsaye, an zage shi bai rama ba. Wanda bai koya ba kuwa..." Bai ƙarasa ba, ya nuna ni da leɓe. "A buɗe, amma Ummaru za shi koyarwa."

Washegari na sayi riga da goro, na je na durƙusa gaban Baba Ummaru. Ya karɓa, ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: kowace Laraba in tsaya a layi tare da 'yan aji ɗaya. Shekara biyu ke nan ina tsayawa, tumbin ya ragu, faɗan yara ma ya ragu.

Darasin da na ɗauka ba na cikin littafi ba ne: kafin ka yi wa jama'a wa'azin haƙuri, fara gwada naka a ɗaka, sannan ka tambayi tarihin maigadi.