Kwandon Shugaba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwandon tumatir ya tona mini asiri a gaban manoman garinmu ba. Lokacin ruwan kanal ya zauna sosai a yankin Bunkure, kowa ya duƙufa noman rani, tumatir ya yi yawa har ya fi ƙarfin kasuwa. Sai ka kai kayanka bakin titi, dillali ya shanya ka a rana har tumatir ya fara zubar da ruwa, sannan ya taya yadda ya ga dama. Ni kuwa da zafin kan ƙuruciya na tara mutane muka kafa ƙungiya, suka naɗa ni shugaba (ba don na fi kowa hankali ba, don dai na fi kowa baki).

Na yi ta sintiri zuwa Kano har Allah ya haɗa ni da Alhaji Bala, ɗan kwangilar da ke kai kayan miya makarantun kwana. Ya yarda zai riƙa turo mota har bakin gona, amma da sharaɗi: ba ya son fuska. Fuska kuwa ita ce a zuba ƙanana da masu tabo a ƙasan kwando, a jera manyan jajaye a sama. Kowa na yi, da ita muka tashi.

Na yi wa jama'a wa'azi kamar liman. Na bi gona-gona ina cusa hannu cikin kwandunan mutane, har Baba Idi, sa'an mahaifina, sai da na sa ya zazzage nasa ya sake zubi. Da na zo kan nawa kuwa, sai zuciya ta raya mini: wa zai binciki kwandon shugaba? Ai ɗan gyara ne kawai.

Alhaji ya iso da hantsi, mun jera kaya a bakin kanal. Na bugi ƙirji na ce, "Alhaji, zaɓi wanda ka ga dama a juye. In ka ga sama ta bambanta da ƙasa, kada ka ƙara tako garin nan."

Ashe kwandon gaskiya ba shi da kyan gani, manya da ƙanana duk a cakuɗe suke. Guda ɗaya ne tak yake sheƙi kamar amarya, shi kuwa Alhaji ya nufa kai tsaye.

"Wannan na wane ne?"

Na kama kallon sama. Baba Idi ya gyara murya ya ce, "Na shugaba ne, Alhaji."

Aka juye a kan tabarma. Manyan suka gangaro, sai ga 'yan mitsi-mitsi da ruɓaɓɓu sun biyo baya, wasu har cikin kanal. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"In na shugaba ke nan, ina ga na mabiya?" in ji Alhaji, ya nufi motarsa.

In ya tafi kuwa, kayan gari guda ne zai koma hannun dillalan da muka gama zagi. Sai Baba Idi ya ciccibi kwandonsa ya juye, ya ce, "Duba na mabiyan tukuna." Saura ma suka bi sahu. Alhaji ya dudduba, ya yi dariya, ya sa aka loda kayan kowa ban da nawa.

Haka na ɗaura kwandona a keke na nufi bakin titi, wajen dillali Ɗanjuma, wanda na taɓa kira ɓarawon zaune. Labari ya riga ni isa. Ya dube ni ya ce, "Shugaba, a juye, ko in taya da fuskarsa?"

Tun ranar na gane cewa in za ka hana mutane kwalliya, to kada ka zama kai kaɗai ne ka sha kwalli.