Jan Fenti a Bangon Ɗakina

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gayyato hukuma da hannuna ta zo ta shafa wa ɗakina jan fenti ba.

Na daɗe ina koyarwa a firamare a nan Kontagora, har na yi ritaya ina hedimasta. Da na dawo gida sai na ga ya kamata in samu wurin hutawa. A gefen gidana, ta wajen titi, akwai wani fili da babu komai a cikinsa sai bishiyar dalbejiya biyu da awakin unguwa. Na sa aka sare bishiyoyin (Allah ya yafe mini), na ja bulo, na yi ɗaki. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya? A ganina rabin ma'aikatan garin nan ni na koya musu riƙon fensir.

Ba a yi shekara ba sai ga Maman Bitrus. 'Yar Kambari ce daga wajen Beri, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta kama rumfa a bakin titi, dab da tagata, ta kafa injin niƙa. Daga ranar hutu ya ƙare. Tun hantsi injin yake ruri har yamma. Ƙarar ma da sauƙi, girgizar ce matsala. In na ajiye kofin shayi a tebur sai in ga yana tafiya shi kaɗai. Bayan wata biyu bangon ya tsage daga taga har ƙasa.

Matata Hajara ta ce, "Malam, ka je ka yi mata magana mana. Matar nan tana da kirki."

Na ce, "Ni? In je rumfar niƙa roƙon alfarma? Ai akwai doka a ƙasar nan."

Na zauna na rubuta ƙorafi shafi uku da Turanci, na zuba kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus. Na ce unguwarmu ta zama ce, ba ta masana'antu ba. Na bi gida-gida maƙwabta suka sa hannu (wasu ko karantawa ba su yi ba, sun dai ga hedimasta ne). Na hau acaba na kai ofishin tsara gari, na koma har sau uku ina tuni.

Ranar da za su zo na sa babbar riga. Na aika wa mai unguwa da duk waɗanda suka sa hannu. Jami'in ya iso a kan mashin wajen ƙarfe goma, matashi ne, da taswira a naɗe da awo, wani na biye da shi riƙe da gwangwani. Aka kashe injin. Matan da suka kawo niƙa suka tsaya da robobinsu suna kallo. Na yi jawabi kamar ina gaban asambuli, na nuna tsagar bango, har na kwaikwayi yadda kofi ke rawa.

Maman Bitrus tana tsaye, gari ya yi mata fari har gira. Ta ce, "Oga, rufewa za a yi? Da shi yarana suke ci."

Jami'in ya ce, "Mama, kina da takardar izini?"

Na yi murmushi. Gaskiya zan faɗa ko da ba daɗi: don na ji Hausarta tana da harshen ƙauye, na riga na yanke cewa ba ta ma san mene ne izini ba. Sai ta shiga rumfa ta fito da wata leda, ta kwance, ta miƙa masa takarda. Da hatimi, da sa hannu, da komai.

Ya shimfiɗa taswirar a kan kujerar mashin ɗinsa, ya bi da yatsa. "Wannan layin na bakin titi don ƙananan sana'o'i aka ware shi. Niƙa, walda, faci. Gidaje daga can baya suke farawa. A tsakani an bar fili da bishiyoyi, don ƙara da girgiza su mutu kafin su kai inda mutane suke kwana." Ya ɗaga kai ya duba hagu, ya duba dama. "To ina filin?"

Mai unguwa ya kama gyaran hula.

Jami'in ya juyo gare ni ya ce, "Baba, wannan ɗakin na wane ne?"

Na ƙura wa fuskarsa ido ko Allah zai sa tsohon ɗalibina ne. Ba shi ba ne.

Na ce, "Nawa ne."

"Ina takardar ginin?"

Ni da na rubuta shafi uku, aka nemi shafi ɗaya na rasa. Suka ja awo daga titi zuwa tsohuwar katangata, ɗakina gaba ɗaya ya faɗa cikin filin hukuma. Mai gwangwanin ya buɗe murfi, ya tsoma buroshi, ya zana ƙaton gicciye ja, alamar rusau, daidai kan tsagar da na gama nunawa. Wata yarinya cikin masu niƙa ta fashe da dariya, uwarta ta make ta, abin ya ƙara muni.

Na waiga neman mutanena. Alhaji Sani, wanda ya fi kowa zuga ni, ya ce da jami'in, "Ni wallahi na ɗauka takardar gyaran kwalbati ce." Sauran suka zame ɗaya bayan ɗaya. Hajara tana bakin ƙofa, ta juya ta koma ciki.

Da kowa ya watse Maman Bitrus ta matso. Na shirya jin baƙar magana, don na cancanta.

Ta ce, "Baba Malam, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ban san yana damunka haka ba. Da na sa masa taya a ƙasa."

Kuma ta sa. Kwana biyu bayan nan ta kira makaniki, ya ɗora injin a kan tsofaffin tayoyin mota, ya juya bututun hayaƙin ya fuskanci titi. Ta kuma riƙa kashe shi daga azahar zuwa la'asar don tsofaffi su runtsa. Ƙarar ta ragu sosai. Na ji daɗin hakan na mako uku kacal, kafin wa'adin rushewa da hukuma ta ba ni ya cika in kira leburori su rushe ɗakin ina tsaye ina kallo.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka kai ƙarar maƙwabci, fara neman taswirar unguwarku ka ga inda ƙafarka take. Har yau in na bi ta gaban rumfar ita ce ke fara gaishe ni, har da rusunawa. Wallahi da zagina take yi, da na fi samun sauƙi.