Kokwambar Ɗan Tokyo

Wani ne, ba zan kama sunansa ba, a ƙauyenmu dai ɗan Tokyo ake ce masa, don daga birnin Tokyo ya zo. Ya ajiye aikin ofis, ya kama tsohon gidan da ke gangare, ya ce shi noma zai yi.

Ran da na fara ganinsa ina zaune a barandar gidanmu da littafi a hannu. Watan takwas ne, zafi kamar a dafa mutum. A littattafan da nake arowa, saurayi fure yake zuwa da shi. Na ɗaga kai sai ga wannan a bakin ƙofa, ya cire hula, yana rungume da kokwamba guda ɗaya kamar mai riƙon jariri. Tsawonta ya kai hannuna, ta yi rawaya, ta kumbura.

"Sannu da gida. Kaka tana ciki?"

Ya kalle ni, kunnuwansa suka yi ja. Ni kuwa na ɗaga littafi na rufe fuska.

Kakata Tome, wadda ta raine ni, ta fito tana goge hannu. Ta dubi abin, ta dubi mai shi.

"Samari, wannan fa?"

"Ta farko ce daga lambuna, Kaka. Sati uku ina hana kaina tsinke ta, don ta cika."

"Ta cika kam. Saura kaɗan ta yi jikoki."

Ya ce ya gode da yabo.

To, a watan takwas babu gidan da kokwamba ba ta ci da yaƙi ba. Wadda ka bari da safe kamar ɗan yatsa, kafin yamma ta zama taɓarya. Kowa neman inda zai sauke tasa yake. Ga shi ba a ƙin kyauta, kuma ba a sallamar wanda ya kawo hannu wofi. Saboda haka mai hankali idan ya hango maƙwabci tafe da kwando, sai ya tuna yana da aiki a bayan gida.

Kaka ta sunkuya sau uku tana godiya. Ta shiga ciki ta ciko masa kwando da baƙin yalo da tumatir da suka yi mana yawa. Da ya tafi ta ce da ni, "Kozue, mun rage kaya. Wannan kuma kai wa kaji, in za su ci."

Ba su ci ba.

Gogan naku bai zame ko'ina ba sai shagon Baba Tokuji.

"Baba, idan mutum ya kai abu ɗaya gidan su yarinya, aka ciko masa kwando, me ake nufi?"

Baba Tokuji yana da kunya shida na kokwamba a bayan shago, ya rasa yadda zai yi da su. Ya gyara tabarau.

"Kai yaro, ai an karɓe ka ke nan! Tsohuwar nan kokwamba ce ranta. In ba ta ci ba, ba ta iya barci. Zo, ina da 'yan kaɗan a baya, ka haɗa ka kai mata."

"Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Kada ka gode. Ka dai dawo gobe."

Kafin azahar labari ya gama gari: an samu wanda ake ba shi kokwamba yana murna. Tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa tun bara sai ga su suna sauka gangare da kwanduna, har da gudu-gudu. Kowa ya sauke a ƙofarsa ya ce, "Ba wani abin kirki ba ne." Shi kuma ya tsaya yana sunkuyawa har bayansa ya riƙe. Ya buga wa uwarsa waya ya ce bai taɓa ganin mutane masu son baƙo kamar na garin nan ba.

Duk abin da aka tara masa, sai ya loda a baro ya turo gidanmu.

Muka ci da safe, muka ci da rana. Muka jiƙa da gishiri, muka binne a dussar shinkafa don ta yi tsami, tuluna suka ƙare, Kaka ta ara na maƙwabta. Aka zuba saura a bahon wanka, muka koma wanka a tsaye. Kullum Kaka ta sunkuya ta ce, "Kai, ka wahalar da kanka," shi kuma ya ce, "Ba wahala, Kaka, gobe ma akwai." Ta ciko masa yalo don ta rama, ya ƙara tabbata ana ƙaunarsa.

A saman kowane baro yakan ɗora ɗan furen kokwamba, rawaya, ƙarami, bai taɓa cewa na wane ne ba. Nakan ɗauke kafin Kaka ta gani in sa a tsakiyar littafi.

Wata safiya Kaka tana sauke kaya sai ta tsaya cak. Ta ɗago wata lanƙwasasshiya mai ƙaya-ƙaya.

"Wannan tawa ce."

"Kaka, ai duk naki ne yanzu."

"Na ce tawa ce! Irin da uwata ta bar mini ne, babu mai shi a garin nan sai ni. Jiya da hannuna na kai wa maƙwabciyata Matsue kwando guda!"

Ɗan Tokyo ya dafa ƙirji. "Goggo Matsue ce ta ba ni. Dubi zumunci, Kaka. Ta san kina so, ta kasa ci."

Kaka ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Na ji tana kiran sunan marigayi Kaka namiji tana faɗa masa abubuwan da ba zan maimaita ba.

Ranar Lahadi sai ga shi cikin baƙar kwat, gumi na zuba, ya aro ƙaramar motar ɗaukar kaya ta Baba Tokuji, an shaƙe ta da kokwamba har sama. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Kaka, goshi a tabarma. Ni ina gefe da littafina, a juye ma na riƙe shi.

"Kaka, na zo neman auren Kozue."

Kaka ta leƙa motar ta taga. Ba ta da ikon ƙin kyauta, amma neman aure tana da ikon ƙi.

"Ban bayar ba."

Na ƙanƙame littafina. Shi kuwa ya ɗago, fuska duk tausayi.

"Ba su isa ba ko? Na sani. Na faɗa wa Baba a ƙara."

"Samari, na ce ban bayar ba!"

"Ba komai, Kaka, zan yi haƙuri. Zan riƙa zuwa kullum har ki yarda, ko shekara goma ce. Na ma kama filin da ke jikin katangarku, baɗi tushe ɗari biyu zan dasa. Kuma mutanen gari sun ce sati mai zuwa kabewa za ta nuna."

Kaka ta dire kofin shayin da ke hannunta. Ta juyo gare ni.

"Ke! Ajiye littafin nan. Tun da ya fara zuwa kike leƙensa ta samansa, kina tsammanin makauniya ce ni?"

"Kaka…"

"Saurara. Baƙo ne ke kawo kyauta. Ɗan gida ba ya kawowa, fitarwa yake yi. Ga shi da ƙafafu, ga baro, ga rashin kunya. A gidan Tokuji zai fara saukewa. In kina son sa ki buɗe baki yanzu, kafin kabewa ta iso."

Wata guda ina shirya maganar nan a raina, da kalmomi masu daɗi irin na littafi. Duk suka gudu. Ya matso da gwiwa, idonsa ya ciko.

"Kozue, tun wace kokwamba kika fara sona? Tun babbar nan ta farko ko? Na ajiye irinta, za mu shuka tare ranar biki."

Na ajiye littafin, na dube shi ido cikin ido, karo na farko.

"Na yi maka alkawari, a gaban Kaka. Zan aure ka, zan zauna da kai har tsufa. Amma ran da ka sake haƙa wa kokwamba rami, kai zan dasa a ciki."