Kujerar Roba Mai Siraran Ƙafafu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kujerar roba ta kayar da ni a gaban maigida. Na fi shekara goma ina zana kayan roba a wata masana'anta a Sharada, buta da bokiti da kujera, da fensir da idona kawai. Kwatsam aka ɗauki wata injiniya, Rukayya, wadda ke gina kujera a kwamfuta, ta ɗora mata nauyi, ta ga inda za ta karye tun ba a narka roba ba. Kafin wata biyu, Alhaji mai masana'antar ba shi da magana sai "a tambayi Injiniya." (Ni kuwa na koma kalandar bara a bango.)

Don in nuna da saurana, na zana sabuwar kujera mai siraran ƙafafu. Rukayya ta saka zanen a kwamfuta, ta kira ni gefe cikin ladabi.

"Malam, ku dubi jan launin nan da kwamfuta ta nuna a ƙafar baya. Idan aka jingina da ƙarfi za ta tsage. Ku ƙara mata kauri kaɗan."

Na ce, "Kwamfutar taki ta taɓa zama a kujera?"

Wallahi na ga jan, na kuma gane gaskiyarta. Laifin gyaran kawai daga bakinta ya fito.

Haka na sa aka fitar da samfuri. Ranar da Alhaji ya shigo da dillalai daga Nijar, na jawo kujerar tsakiyar fili, na zauna, na harɗe, na jingina ina cewa, "Alhaji, wannan ko buhun siminti uku..."

Ɓaras! Sai ga ni rigingine, ƙafafu sama, hulata ta gangara ƙarƙashin inji. Wani dillali ya leƙo kaina ya ce, "Sannu Malam. Ta kwanciya ce?"

Alhaji ya ɗauki karyayyiyar ƙafar, ya juya wajen Rukayya. "Injiniya, kwamfutarki ba ta ga wannan ba?"

Na rufe ido ina jiran yanka. Sai na ji ta ce, "Gwaji ne, Alhaji. Ni da Malam muna kan gyaranta."

Wannan rufin asirin ya fi faɗuwar zafi. Washegari na jawo benci (na katako!) kusa da teburinta, na ce ta koya mini.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne mai hassadar da ƙugunsa yake biya.