Man Shanun Bankwana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kawo mini man shanun bankwana alhali ba wanda ya kore ni.

Aikina koyar da yara masu buƙata ta musamman ne a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Wunti. Irinmu, da mai gyara wa yara magana da mai motsa musu gaɓoɓi, ba ma'aikatan dindindin ba ne. Kwantiragin shekara guda ake ba mu, in ƙarshen zango na uku ya zo a sabunta ko a ce an gode. A wannan shekarar abokan aikina biyu suka karɓi takardunsu na sabuntawa, tawa shiru. Sati ɗaya, sati biyu. Da mai hankali ce, da sai ta ƙwanƙwasa ofishin shugabar makaranta, Hajiya Rabi, ta tambaya. Ni kuwa (Allah ya zuba mini girman kai, ga shi ban gaji ko akuya ba) na ce wallahi ba zan je roƙo ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa an sallame ni. Har kuka na sha a cikin keke, mai keken yana ta yi mini ta'aziyyar rasuwar da ba a yi ba.

Bayan tuwon gidana, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Hafsatu. Shekararta bakwai, magana ba ta dame ta ba, kuma ba ta ƙaunar canji ko kaɗan. Kujerarta kawai za a gusar, ranar an gama karatu. A aikinmu irin wannan yarinya ba a yi mata ba-zata. Duk abin da zai sauya, sai an yi kwanaki ana nuna mata shi a hoto. Saboda haka na zauna na zana katuna uku: ni ina ɗaga hannu, ni cikin keke da jakata, sai sabuwar malama (gaskiya ban bari ta kai ni kyau ba). Kullum da safe mu bi su ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Malama ta tafi. Hafsatu tana nan lafiya."

Iya aikina ne ya ja mini. Yarinyar da na shekara ina fama ta haɗa kalma biyu, cikin kwana goma ta riƙe jimlar nan daram. Ta kwashi katunan ta kai wa kakarta a Tirwun.

Ranar wata Alhamis lokacin hutun tara aka ce Hajiya na kirana. Na shiga da ƙyar, a raina ina cewa yau za a faɗa mini baki da baki. Na tarar da Inna Dije, kakar Hafsatu, dattijuwar Bafulatana, ta rungume kwanon man shanu. Katunana kuma ga su a jere a kan tebur.

"Malama," in ji Hajiya, fuska ba walwala, "wace makarantar ce ta ƙwace mana ke?"

Na ce, "Ni, Hajiya? Ai ku ne kuka..."

"Mu ne muka me?"

Inna Dije ta gyara zama ta ce, "Ni dai laifinta na zo ji. Tun da aka haifi yarinyar nan ban ji ta yi doguwar magana ba sai yanzu, wai malamarta ta tafi. In kora ce, to a haɗa da mu."

Hajiya ta jawo durowa ta fito da takarda. Kwantiragina ne, kuma na shekara biyu. Shi ya sa tawa ta makara: sai mai makarantar ya sa hannu da kansa, shi kuma ya tafi Umara, shekaranjiya ya dawo. Ta ɗaga kati na uku ta ƙare masa kallo.

"To ita wannan da kika naɗa a gurbinki, albashi nawa kuka yi da ita?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kada in ɓoye muku, a ƙarƙashin kunyar nan wani sanyi ne ya ratsa ni har yatsun ƙafa. Na sa hannu ina hamdala a zuci. Da na ce wa Inna ta koma da man shanunta tun da ba inda za ni, sai ta ce, "Riƙe, 'yar nan. Amma ran da za ki tafi da gaske, kada ki sa rai da wani."

Ita kuwa Hafsatu, abin da ya shiga kanta ya shiga ke nan. Sati uku na yi da sababbin katuna ina rarrashinta cewa ina nan. Duk da haka, har aka yi hutu, kullum na shigo aji sai ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini ƙofa ta ce, "Malama ta tafi."

Tun daga ranar na yarda matambayi ba ya ɓata. Yanzu in takarda ta makara, ƙafata nake ɗauka in je ofis, don na gane korar kai ta fi ta makaranta wuyar janyewa.