Rasuwar Baƙuwa, Motar da Ba a Ji Yarenta Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da har yanzu ba su bushe ba, iyalan marigayi Baba Direba suna sanar da 'yan'uwa, da maƙwabta, da masu shagunan da ake kai wa ƙwai, rasuwar motarsu wadda aka fi sani da Baƙuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hawan da ke gaban gidan mai, ɗauke da kiret goma sha biyu, kuma ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Shekarunta goma sha tara.

An sa mata Baƙuwa ne domin duk garin babu irinta. Tambarin da ke goshinta ba wanda ya san shi. Bakanike in ya buɗe bonet ɗinta sai ya riƙe ƙugu ya ce, "Wannan kuma daga ina aka samo ta?"

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta shan mai da yawa, ba ta gardamar tashi da safe, rami kuwa a hankali take shiga, kamar ta san abin da ke bayanta. Ga ta da magana. Da an murɗa makulli sai ta yi ting-ting, muryar wata mace ta faɗi kalma biyu da wani yare, Baba ya shafa sitiyari ya ce, "Lafiya lau, ke fa?"

Duk shekara Baba yakan tafi da ita wani birni mai tafiyar kwana biyu. In aka tambaye shi sai ya ce, "Zan kai Baƙuwa ta ga danginta." Inna takan ce, "Mota ta fi mu dangi ke nan," a yi dariya. Kowa ya ɗauka ziyarar abokansa yake fakewa da ita.

Da Baba ya rasu, Auta ce ta gaji motar da aikin kai ƙwai. Auta ba ta iya haɗa ido da mutane, ko sallama a bakin shago nauyi take mata. Baƙuwa ce ke yi mata sallamar, hon biyu, mai shago ya fito. A hanya kuwa abin da Auta ba ta iya faɗa wa kowa, ita take faɗa wa.

Bayan rasuwar da wata huɗu, maganar Baƙuwa ta ƙara tsawo. Bayan kalma biyun nan sai ta ci gaba, ta maimaita har sau biyu. Inna ta ji, ta fashe da kuka, ta ce, "Babanku take tambaya." Tun daga ranar, kullum Auta sai ta dafa sitiyari ta amsa mata, "Ya rasu, Baƙuwa. Sai haƙuri." Shekara uku ana haka.

Jinyarta ta fara da tari da karkarwa. Bakanike na farko ya canza fulogi. Na biyu ya ce mai ne da datti. Na uku ya zo da na'urar gwaji, bakin wayarsa ya ƙi shiga nata, ya naɗe ya tafi. Ranar Talata wani abu ya yi ƙas a cikin injin, ta yi shiru.

Wajen kwashe kayanta Yaya ya ci karo da wani ɗan littafi a aljihun gaba. Kowane shafi da hatimin shago ɗaya, shekara bayan shekara, na ƙarshe a shekarar da Baba ya rasu. Ashe shagon dilan irin motar ne, shi kaɗai ke sayar da kayanta, shi kaɗai ke da masu gyaranta. Dangin ke nan.

Kwana biyu Auta tana duban lambar wayar da ke jikin hatimin kafin ta iya kira. Wani tsohon bakanike ya ɗauka, ta kunna masa muryar Baƙuwa da ta taɓa naɗa a wayarta. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ta.

"'Yata, tun yaushe take faɗin haka?"

"Shekara uku, Baba."

"Cewa take a kawo ta sabis, bel ɗin injinta ya tsufa. Aikin rabin yini ne." Ya ce tunda bel ɗin ya tsinke tana tafiya, injin ya tafi, kuma an daina shigo da irinsa. Sannan ya ce, "Ina dattijon da ke kawo ta? Har cigiyarsa muka yi."

Auta ta buɗe baki, abin da ya saba fita ne ya fita. "Ya rasu. Sai haƙuri."

Marigayiya ta bar Inna, wadda yanzu ba ta son a tayar da zancen. Ta bar Yaya, da Auta, da shaguna tara da ba za su ƙara jin hon biyu ba, da tayar safaya guda da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tabon mai a ƙofar gida wanda aka hana kowa sharewa.

Za a ɗauke ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya ce wa Auta "da kin tambaya", ta riga ta faɗa wa kanta. Ana kuma roƙon mai motar da za ta ja ta ya yi jinkirin minti biyar. Yaya zai haɗa batir, Auta za ta shiga ita kaɗai ta murɗa makulli, ta bar Baƙuwa ta faɗi maganarta har ƙarshe, sau biyu kamar yadda ta saba. Auta tana so ta ce mata ta ji.