Kafet ɗin Jenge a Bakin Kwalbati

"Jenge, an tashi lafiya? Ya gajiyar aiki?"

"Gajiya tana cikin kwalbati, je ka gaishe ta a can."

Da wannan matata Anarkan ta tarbi ƙanena Ergesh, da ya shigo gidanmu a birnin Osh yana tsallake buhunan siminti, ya zo shan shayin safe kamar kullum. Ni ina zaune a kan bokitin fenti. Na san abin da ke tafe, sai na sunkuyar da kai cikin kofina.

Tun da aka kawo ta gidanmu amarya, lokacin Ergesh yana yaro mai majina, ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda ya dace da matar wa. Kan Kabewa ta raɗa masa. Yau ga shi da furfura da surukai, sunan bai sake shi ba. Shi kuma Jenge yake ce mata, wato matar wa a harshenmu, amma daga wannan kalmar girmamawar ta ƙare. Kullum sai sun taɓa, mu yi dariya. Na ranar dai ba wasa ba ne zalla.

Gyaran gida muke yi, don ɗanmu Ilyas zai kawo amarya a lokacin kaka. Magina suka ɓamɓare tsohon kafet ɗin babban ɗaki, ja mai manyan furanni, wanda laima ta ruɓar da tsakiyarsa. Ergesh yana da akori-kura, ya ce a bar masa, shi zai kai shi jujin gari. Anarkan ta cika masa ciki da shinkafa da naman rago, ya loda ya tafi. Da gari ya waye sai aka ga magudanar da ke shayar da lambunan layinmu ta tumbatsa. Ruwa ya kwanta a lambun Zuura-apa, tsohuwar da mijinta ya rasu, wadda da tumatirin nan da barkonon take ci. Gidajen da ke gangare kuwa ko ɗigo bai isa gare su ba. Da maza suka leƙa ƙarƙashin gada, sai ga jan kafet ya toshe bakin kwalbati.

"Wace kwalbati kuma?" in ji Ergesh, yana miƙa hannu ga gurasa.

Ta janye farantin. "Wadda ka mayar jujin gari. Ashe an matso mana da shi ƙarshen layi ba mu da labari."

"Faɗowa ya yi. Na sha kwana, ya zame."

"Ya zame, ya naɗe kansa, ya cusa kansa ƙarƙashin gada, ya ɗora wa kansa duwatsu?"

"To ai kafet ɗinki ne, Jenge. Halin mai shi ya ɗauko. Inda ya ga dama yake zuwa, ba mai hana shi."

"Da halina ya ɗauko, kanka zai faɗo wa."

Da ya ga wannan ƙaryar ba ta shiga ba, sai ya sauya. Ya ce tausayin kafet ɗin ne ya kama shi, don tun da aka shimfiɗa shi bai taɓa ganin ruwa ba, shi ya sa ya ce bari ya yi wanka ko sau ɗaya kafin a binne shi. Ta ce ta wanke kafet ɗin nan fiye da yadda aka taɓa wanke shi Ergesh ɗin, kuma ta fi kowa sani, tunda ita ta cuɗa masa wuya ranar da aka sa shi makaranta, har soso ya mutu a hannunta. Ya ce tun daga ranar wuyansa bai ƙara juyawa daidai ba, shi ya sa bai ga hanyar juji ba.

Dariya ta kusa ƙwace min. Ta juyo ta dube ni, na haɗiye ta da shayi.

"Faɗi gaskiya, Kan Kabewa."

"Gaskiya laifin shinkafarki ne. Kin zuba mata mai kamar za ki tada injin niƙa. Ina fita barci ya kama ni, ga juji da nisa, ga rana. Na ce bari in ajiye shi in dawo."

"A cikin ruwa."

"A gefen ruwa. Ruwan ne ya matso."

Ya ce abin bai kai a tada jijiyar wuya ba. A ciro shi, ya shanya shi, ya watsa masa fetur a bayan gida, kafin a sauke tukunyar rana ya zama toka. Nan ta ajiye butar shayin da ƙarfi har murfin ya yi tsalle. Ta ce ƙasan kafet ɗin roba ce, in aka cinna mata wuta baƙin hayaƙin sai ya shiga kowane ɗaki a layin, ga jaririyar maƙwabta da ko turare ba ta iya shaƙa. Ya gama da ruwan mutane, yanzu iskarsu yake nema.

"Kana tsammanin an ce kafet ɗin Kan Kabewa ne?" in ji ta. Muryarta ta yi ƙasa, kuma ni na san ta fi haɗari a haka. "Kowa a layin nan ya zauna a kansa, a biki da zaman makoki. Suna ganin furannin suka ce na Anarkan ne. Uwar yarinyar da za mu ɗauko tana gangare, yau da bokiti ta shayar da lambunta. Me za ta ce game da gidan da za ta kawo 'yarta?"

"Za ta ce gidan masu kyauta ne, har ta ruwa suke aika kaya."

"Uwarka ce ta saye shi. A kansa ta yi jinyarta ta ƙarshe, kai kana zaune wajen ƙafafunta. Ya tsufa, ni ma na yarda ya fita. Amma ba a ruwan da mutane ke wanke hannu ba."

Ergesh ya juyo wajena. Ya dube ni, wai ko zan sa baki. Na ce masa takalman roba suna bayan ƙofa.

Muka tarar da rabin layin a kan gada. Ruwan nan daga ƙanƙarar duwatsu yake saukowa, ko da zafi ba a wasa da shi. Ergesh ya shiga har ƙugu, takalman suka cika nan take. Anarkan ta tsaya a samansa ta riƙe ƙugu tana ba da umarni.

"Ta hagu za ka ja."

"Na ja ta hagu."

"Hagun mutane, ba naka ba."

"Yaya," ya ce da ni, haƙoransa na haɗuwa, "in na mutu a nan, ka gaya wa 'ya'yana matarka ce."

"In ka mutu a nan sai mu ciro ka kai ma," in ji ta. "Ba a barin shara a ruwa."

Kafet da ya sha ruwa ya fi raƙumi nauyi. Sai da aka ɗaura masa igiya, mazan layi suka kama, ni ma na kama, sannan ya fito yana aman laka da ganye. Ruwa ya yi gurnani ya wuce gangare.

Zuura-apa ta taho a hankali da sandarta, zanenta jiƙe har gwiwa. Ba ta zagi kowa ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Ta ce wa Ergesh ta san shi tun yana satar mata tuffa, a lokacin dai ɗaya-ɗaya yake ɗauka, bai taɓa kwashe lambun gaba ɗaya ba. Ya cire hula ya ba ta haƙuri ba tare da ko kalmar wasa ba. Aka tsaya a kan zai haƙa hanyar da ruwan zai fita daga lambun a ranar, ya sayo sabon dashe, ya dasa da hannunsa.

Sai tsohuwar ta taɓa gefen kafet ɗin da sanda, ta ce ai inda kabad ya danne bai mutu ba. Aka kawo wuƙa. Anarkan da kanta ta yanke gefunan masu kyau. Zuura-apa ta karɓi babban don ta rufe ƙofar garken ɗan maraƙinta da sanyi, wani maƙwabci ya ɗauki guntu don rufin amyar zumansa. Ruɓaɓɓiyar tsakiyar aka jefa a bayan akori-kura.

Ergesh ya ce bari ya je gida ya sauya wando, sannan ya kai.

"Jiya barci, yau wando. Tada mota."

"Jenge, a jiƙe nake."

"Shi ma a jiƙe yake, bai yi ƙorafi ba."

Ta shige gaba ta zauna kusa da shi. Ni aka bar min baya, ni da kafet. Ta ƙaramar tagar ina jin su har juji. Ya ce tunda an zo da mota, ko za ta sauka ita ma, ya ji an ce suna karɓar tsofaffin kaya. Ta ce ta tambaya, sun ce kabewa kaɗai suke nema don taki. Ba ta yarda an juya ba sai da ta ga ya sauke shi da hannunsa a inda ma'aikatan wurin suka nuna.

Bayan la'asar ya shigo daga lambun tsohuwar, laka har kunne, yana rawar ɗari. Ya tsaya a bakin ƙofa. Anarkan ta dube shi sama da ƙasa, ta zuba shayi mai zafi ta tura masa, ta haɗa da gurasar da ta hana shi da safe. Ta shiga ciki ta fito da busasshen wando ta jefa masa a kafaɗa.

"Sa wannan kafin ka mutu a ɗora min. Na bar maka."

Ya ɗaga wandon ya juya shi, sai ya fashe da dariya har shayi ya zube. "Na sallama, Jenge. Kin ci. Daga yau ko ɓawon gyaɗa kika ba ni, juji zan kai shi."

Ita ma ta dara, karo na farko a ranar. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba, don sabon wandona ne, wanda na saya don bikin Ilyas.